Mako biyu ina koyon bin sawu: sharhi kan horon dabarun bincike

Na je horon nan da hira 19 a cikin wayata, kuma a raina na riga na gama gano abin da ya wargaza ƙawancen jam'iyyun adawa da nake nazari a kundin digirina na uku. Horo ne na mako biyu, na ɗaliban kimiyyar siyasa masu binciken da bai jingina da alƙaluma ba: hira, tonon tsofaffin takardu, zama cikin jama'a, da kwatanta ƙasa da ƙasa. Ban kai kwana uku ba jikina ya yi sanyi.

Malamar da ta ɗauke mu darasin bin sawun dalili, wato bin matakan da suka kai ga faruwar abu ɗaya bayan ɗaya, ta karɓi shafi biyu daga kowa. Nawa ya dawo da layi ɗaya na jan biro: "In ba haka abin ya faru ba, me za ka tarar a takardu?" Na same ta bayan an tashi na ce, "Malama, ai mutum 14 ne suka gaya mini da bakinsu cewa rikicin ɗan takara ne." Ta ce, "Su 14 ɗin, daga ɓangare nawa suka fito?" Na yi shiru. Dukansu waɗanda suka fice ne, kuma kowannensu yana da abin da zai wanke kansa da shi.

Wannan darasi kaɗai ya isa dalilin zuwa. An zaunar da mu a kan gwaje-gwaje huɗu da Stephen Van Evera ya tsara a 1997 don auna nauyin hujja. Biyu suka fi zauna mini. Akwai hujjar da take kamar ƙofa: in hasashenka bai wuce ta ba ya mutu, amma wucewar ba ta tabbatar da shi. Akwai kuma ta kama mutum dumu-dumu: in ka same ta magana ta kusa ƙarewa, in ba ka same ta ba hasashen na nan da ransa. Da na ɗora hirarrakina a wannan ma'auni, sai na ga yawancinsu alamu ne kawai. Abin da nake buƙata shi ne jerin ranaku: shin ficewar ta zo bayan taron fidda ɗan takara ne, ko tun kafin nan an fara ganawa da jam'iyya mai mulki?

Zaɓen misalan da za a kwatanta ma ya sha muhawara mai daɗi. Mun bi yadda Theda Skocpol a 1979 ta jera juyin juya halin Faransa da Rasha da Sin, ta auna su da Ingila da Japan, sannan muka karanta gargaɗin Barbara Geddes na 1990 cewa misalan da ka zaɓa suna iya karkata amsar da za ka samu. Taƙaddamar da littafin King da Keohane da Verba ya tayar a 1994 kan yadda ya kamata a yi binciken da bai jingina da alƙaluma ba, da martanin Brady da Collier a 2004, an ba ta yini guda, kuma ya isa.

A darasin hira an sa mu ɗauki muryar juna na minti 15. Da na saurari tawa, sai na ji ni ne ke cika wurin da magana, ina sa wa abokina amsa a baki. Malamin ya ce in mutum ya gama amsa, a daure a ɗan yi shiru, sau da yawa a nan ake sakin zance.

Inda horon ya gaza ya dame ni ƙwarai. An haɗa NVivo da MAXQDA, manhajojin kwamfuta na tsara hirarraki da takardu, a yamma ɗaya, a guje, kusan ba wanda ya fita da abin kirki. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne ba a taɓa batun fassara ba, alhali da yawanmu da wani harshe muke hira, mu rubuta kundi da wani. Kalmar da ɗan siyasa ya zaɓa don ya kauce wa tambaya takan ɓace a hanya, kuma ita ce hujjar. Kare sunan wanda ya ba ka amana a inda magana ke iya jawo masa ɗauri shi ma awa ɗaya ya samu.

Wanda zai je, ya je bayan ya fara tattara bayanai amma kafin ya rufe, ya kuma riƙe ainihin takardunsa. Ni yanzu ina neman waɗanda suka tsaya a ƙawancen, mutum 3 sun amsa za su zauna da ni.