The Walking Dead ko Life is Strange: wanne za ka fara bugawa?

Ɗan'uwa, ka ce gem biyu ne a gabanka, zangon farko na The Walking Dead da kuma Life is Strange na farko. Kana son labari mai kama zuciya, kana son abin da zai wasa maka ƙwaƙwalwa, ga kuma kwamfutarka ta kwana biyu. Na buga dukansu har ƙarshe, kuma zan kiyaye kada in tona maka yadda suka ƙare, sai dai dole in taɓo wasu wurare.

Kowannensu kashi biyar ne. Kamfanin Telltale na Amurka ya riƙa sakin The Walking Dead daga Afrilu zuwa Nuwamban 2012, Dontnod na Faransa kuma Life is Strange daga Janairu zuwa Oktoban 2015. Wannan sakin kashi-kashi shi ne tushen rabin abin da za ka gani. Kashi guda awa biyu ne zuwa uku, wuraren da za ka zaga kaɗan ne, kuma masu gem ba sa son ka maƙale a kashi na biyu har ka fasa sayen na uku. Shi ya sa ƙullin da ake ba ka ka warware ba ya yin tsauri a ko wannensu.

A The Walking Dead, ƙullin kusan cika shafi ne. A kashi na farko, a kantin magani na garin Macon, za ka nemo wa wata 'yar jarida batir biyu don rediyo. Ka kawo, rediyo ya ƙi tashi, ka juya bayansa ka tarar an sa batir ɗin a baibai. Shi ke nan. A kashi na uku akwai tayar da jirgin ƙasa, inda za ka goga fensir a kan takarda don rubutun da ya ɓace ya fito. Ba laifi, amma ba abin da zai hana ka barci ba ne. Inda gem ɗin yake matse ka da gaske shi ne wurin yanke shawara. A kashi na biyu an ba Lee, mutumin da kake bugawa da shi, abinci guda huɗu, mutane goma na jin yunwa, ciki har da yara. Babu amsar da ta yi daidai, kuma duk wanda ka hana yana kallonka. Haka a hira: layin lokaci na ƙarewa a ƙasan allo, in ka yi shiru, shirun ma an ɗauke shi amsa.

Life is Strange ya fi shi dabara ta wannan fuska, saboda ƙullinsa daga jikin labarin ya tsiro. Max, ɗalibar da kake bugawa da ita, tana iya mayar da lokaci baya, amma ita tana nan inda take tsaye, kuma abin da ta ɗauka yana hannunta. A kashi na uku za ka fasa ƙofar ofishin shugaban makaranta, ƙararrawa ta ɗau kuka, ka shige ciki, sannan ka mayar da lokaci: ƙofa ta koma lafiya lau, kai kuma kana ciki, sai ka buɗe wa Chloe, ƙawar Max. Ranar da na gane wannan sai da na yi dariya ni kaɗai. A kashi na huɗu akwai allon shaidu, inda za ka haɗa saƙonnin waya da lambobi da wurare da kanka, kuma shi ne ƙulli mafi nauyi a duk wasannin biyu. Wurin da ya fi burge ni kuwa yana ƙarshen kashi na biyu, a kan rufin bene, inda aka ƙwace maka ikon komawa baya daidai lokacin da ka fi buƙatarsa. Abin da zai cece ka shi ne ko ka kula da hotuna da takardun da ke ɗakin wata yarinya tun da safe. Amma shi ma yana da nasa abin haushin: neman kwalabe biyar a filin bola, wanda har masu gem ɗin suka dawo suna yi wa kansu ba'a a kansa a kashi na ƙarshe.

A labari, The Walking Dead na ba kambu ba tare da jinkiri ba. Zaman Lee, mutumin da aka ɗauko za a kai kurkuku, da Clementine 'yar shekara takwas, an gina shi a hankali, kuma maganganun sun yi kama da na mutane. Life is Strange yana da rai, ga natsuwa, kana iya zama a benci ka saurari kiɗa kawai, sai dai hirar samarinsa wani lokaci tana fitowa kamar babba ne ke kwaikwayon yara. Kada ka ruɗu da alkawarin cewa zaɓinka zai sauya komai. A na Telltale, wanda ka ceta yau sau da yawa labarin zai san yadda ya yi da shi nan gaba, don ba za a iya rubuta hanya biyu cikakku har kashi biyar ba. A na Dontnod, duk abin da ka shuka yana tattaruwa ne a zaɓi biyu a ƙarshe. Abin da ke sauyawa shi ne yadda mutane ke yi maka magana, da yadda kai kake jin kanka.

Batun kwamfutarka. The Walking Dead ya fi sauƙi. Zanensa irin na littafin barkwanci ne mai kaurin layi, don haka tsufansa bai fito sosai ba. Amma injin Telltale Tool, wato manhajar da aka gina gem ɗin a kanta, ya yi suna wajen cijewa idan za a sauya fage, kuma a lokacin fitowarsa mutane da yawa sun koka cewa ajiyar inda suka tsaya a gem ɗin ta ɓace, ko zaɓinsu bai bi su zuwa kashi na gaba ba. A gem ɗin da jarinsa ke nan, wannan ba ƙaramin aibi ba ne. Telltale ya durƙushe a 2018, kamfanin Skybound ya ƙarasa zangon ƙarshe na The Walking Dead, ya kuma haɗa duk zangunan wuri guda a 2019. Life is Strange a kan injin Unreal Engine 3 yake, ya ɗan fi nauyi, hasken yammarsa na da kyau ƙwarai, amma motsin baki ba ya bin magana. Na asali za ka nema, kada ka ɗauki wanda aka sabunta a 2022, zai fi wahalar da na'urarka.

Da ni ne kai, da Life is Strange zan fara, tunda ka ambaci tunani, kuma tun 2016 aka mayar da kashinsa na farko kyauta, ka ga sai ka gwada ko kwamfutar za ta ɗauka. In kuwa ƙulli na gaske kake nema, irin na haɗa wannan kaya da wancan har kai ya yi zafi, koma wa Telltale na da: Sam & Max Save the World mai kashi shida, wanda ya fara fita a 2006, ko Tales of Monkey Island na 2009. Su ma tsohuwar kwamfuta za ta ja su.