Cenjoba mai am 50 ta motar tafi-da-gidanka: tana aiki, amma sai ka bi sukurorinta

Ƙaurin roba ne ya fara tona asirin tsohuwar cenjobar, wato na'urar da ke juya wutar motar da kanta tsakanin wutar waje da janareto, sai fitilun ɗaki suka riƙa haske suna dushewa duk lokacin da esi ya tashi. Da na buɗe murfin akwatin, farar wayar nutural ta koma baƙa ƙirin har kusan inci uku, robar da ke riƙe da sukurunta ta narke ta karkace. Sukuru ɗaya ne ya saki. Mota kullum cikin girgiza take, wayar kuma silili ce da yawa aka murɗe, tana kwanciya a hankali ƙarƙashin sukuru. Da ɗauri ya yi sako-sako sai wurin ya ɗau zafi, zafin ya ƙara sassauta shi, har ya kai ga tartsatsi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne nutural ce ta ƙone. Wutar am 50 ta wuraren yada zango a Amurka layi biyu ce, kowanne bolt 120, tsakaninsu 240, kuma nutural ɗaya suke rabawa. In ta tsinke, wutar ba ta ɗaukewa, karkata take yi: ɓangaren da ke da ƙaramin lodi ya sha wutar da ta fi ƙarfinsa, talabijin da cajar batir su tafi. Allah Ya kiyaye, ba a kai nan ba.

Sabuwar da na saya ta burge ni tun ranar farko. Shiru take, babu gurnanin nan na tsohuwar da ke hana barci, domin kwayil ɗinta, naɗin wayar da ke jan makunnin ciki, da wutar DC yake aiki. In janareto ya tashi takan jira kamar daƙiƙa 20 zuwa 30 ya daidaita, sannan ka ji ƙas, ta juya. Janareto take fifitawa ko da wayar waje, wadda ke kawo wuta daga wurin yada zango, na jone, kamar yawancin irinta.

Sa ta bai fi awa biyu ba. A zare wayar waje daga soket, a kashe janareto tare da na'urar da ke tayar da shi da kansa in akwai, a kashe inbata. Wannan na ƙarshen mutane ke mantawa. A gwada kowace waya da mita kafin hannu ya taɓa ta. A ɗauki hoto, a manna wa wayoyin alama, don kashi uku ne: na waje, na janareto, da mai tafiya akwatin bireka. Wayar da ta ƙone a yanke ta har sai jan ƙarfen ya fito yana ƙyalli; wanda ya yi duhu ba ya wuce da wutar lantarki da kyau ko an kankare shi. In ta gajarce a canja ta gaba ɗaya da lamba 6 a ma'aunin kaurin waya na Amurka, ita ce ta am 50, mai am 30 kuma lamba 10. Kada a haɗa nutural da wayar ƙasa a cikin akwatin cenjobar.

To, nan ne raina ya ɓaci. Akwatin ya yi ƙunci ƙwarai. Wayoyi goma sha biyu masu kauri za ka lanƙwasa a ɗan wurin nan, ramukan shigar waya kuma dab da sukurorin suke, dole waya ta shiga a karkace tana jan abin da aka ɗaure ta da shi. Sannan da na bi sukurorin da kamfani ya ɗaure da kansa, biyu na samu suna juyawa ba tare da na sa ƙarfi ba. Wato cutar da ta kashe tsohuwar, da ita aka aiko sabuwar a cikin kwali. Wanda ya yarda da aikin kamfani ya rufe murfi, wata rana shi ma zai ji ƙauri. A kuɗin da ake sayar da ita wannan bai dace ba ko kaɗan.

Saboda haka sukudireba mai awon ɗauri dole ce, a bi adadin da aka rubuta a takardar na'urar. A girgiza wayar bayan an ɗaure, a sake ɗaurewa.

Wajen gwaji, mita ta nuna 120 a kowane layi, 240 tsakaninsu a wutar waje. A kan janareto kuwa sifili na gani tsakanin layukan biyu. Wannan ba laifin cenjoba ba ne, janareto da yawa na irin waɗannan motoci haka suke ba da wuta.

Bayan tafiyar farko na sake buɗewa, nutural ta ɗan ƙara karɓar ɗauri. Yanzu sau ɗaya a shekara zan riƙa bin su duka, in duba ko roba ta canja launi, in hure ƙura. Kuma kafin a tayar da janareto ko a kashe shi, a kashe esi da hita tukuna, domin juyawa da lodi a kai ita ke cinye bakin kwantakta, wato makunnin da ke cikin cenjobar, har ya manne. Zan ce a saya, amma fa ga wanda zai buɗe ta ya bi kowane sukuru kafin ya jona mata wuta.