Borin jini: barin abinci, kauce wa abin da ke tayar da shi, ko shan magani, wanne ya fi?

'Yar uwa, sannu da jiki, Allah ya ba ki lafiya. Kin ce wata huɗu ke nan borin jini yana taso miki kusan kullum. Kin bar ƙwai da kifi da gyaɗa da nono, har naman shanu kin daina ci, amma bai fasa ba. In ya taso ki sha Piriton, in ya yi tsanani a yi miki allura a kemis. Kina son sanin wanda za ki riƙe: ci gaba da rage abinci, ko neman abin da ke tayar da shi ki kauce masa, ko zama a kan magani.

Amsar tana cikin wata huɗun nan da kika ambata. Likitoci sun raba borin jini gida biyu, iyakarsu kuma mako 6 ce. Wanda ya zo ya wuce kafin mako 6 ruwan dare ne, kusan mutum 1 cikin 5 zai gamu da shi a rayuwarsa, kuma sau da yawa akan gane sanadinsa: mura ko zazzaɓi musamman ga yara, wani magani da aka sha, harbin zuma ko rina, ko wani abinci. Wanda ya haura mako 6 yana tafiya yana dawowa, shi daban ne. A mafi yawan masu irinsa, matsalar ba daga waje take shigowa ba. Akwai wasu ƙwayoyin garkuwar jiki a cikin fata da ke ɗauke da sinadarin histamin, su ne ke zubar da shi haka kawai, galibi saboda garkuwar jikin ce da kanta ke tunzura su. Histamin ɗin ya buɗe ƙananan jijiyoyin jini, ruwa ya tsattsafo cikin fata, wurin ya yi tudu, ƙaiƙayi ya hana mutum sakat. Ya fi kama mata, kusan ninki biyu na maza. Naki yana cikin wannan kaso na biyu.

Kafin komai ki tabbatar shi ne ɗin. In ya taso, ki ɗauki biro ki zagaye tudu ɗaya, ki duba agogo. Borin jini na gaske ba ya wuce awa 24 a wuri guda. Zai baje ya bar fata sumul ba tabo, ko da wani ya ɓullo a wani gefen. Idan kuwa wanda kika zagaye ya kwana biyu yana nan, yana zugi maimakon ƙaiƙayi, kuma ya bar baƙin tabo, to wata cuta ce daban ta jijiyoyin fata, sai a kai wa likita da wuri. Ki kuma riƙa ɗaukar hotonsa a waya, don a baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, kuma sau da yawa kafin layi ya zo kanki a asibiti ya riga ya kwanta.

Mu fara da abinci, tunda nan kika fi shan wahala. Abincin da jikin mutum ya ƙi da gaske ba ya ɓoye kansa. Daga ci zuwa tasowa mintuna ne, in ya daɗe awa 2, kuma duk sanda aka ci sai ya taso, ranar da ba a ci ba lafiya lau. Mai irin wannan, barin abincin shi ne maganinsa, babu wani abu da zai maye gurbinsa. Kuma sai ya yi taka-tsantsan da abin da ke ɓoye a cikin girki. Wanda jikinsa ya ƙi gyaɗa, ba gyaɗar soye kaɗai zai bari ba: akwai ƙuli-ƙuli a yajin tsire, akwai gyaɗa a haɗin da ake shafa wa kilishi, ga kunun gyaɗa, ga miyar taushe. Haka mai matsala da kirefish, a miyar biki sai ya tambaya kafin ya kai loma.

To amma ki duba naki. Kin bar abinci biyar, wata da watanni, bai fasa tasowa ba. Wannan kaɗai ya isa shaida. Da ɗayansu ne mai laifi, da cikin kwana biyu ko uku da barinsa kin ga sauƙi. Abin da ke damuna da wannan hanyar shi ne ba ta da ƙarshe. Wanda borin jini ke taso masa kullum, ai kullum ya ci wani abu kafin ya taso, sai ya ɗora laifin a kan abin da ya ci jiya. Wannan makon ƙwai, na gaba wake, na gaba manja, har mace ta koma daga tuwo da miyar kuka sai shayi, ta rame, jininta ya yi ƙasa, ƙaiƙayin kuma yana nan. Ga mai ciki ko mai shayarwa ko ƙaramin yaro, wannan illa ce ta gaske.

Akwai wurin da abinci ke da ɗan hannu ko da ba shi ne tushe ba. Wasu abinci na ɗauke da histamin ɗin a jikinsu, musamman waɗanda aka tsima ko suka daɗe a ajiye, da kifin da bai samu sanyi yadda ya kamata ba. Kifi irin su titus da sardin in suka yi ta narkewa ana sake daskarar da su, histamin na taruwa a cikinsu, kuma suya ko dahuwa ba ta kashe shi. A inda wutar lantarki ba ta zama, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mutum zai ci ya yi borin jini da ciwon kai, ya ce jikinsa ya ƙi kifi, alhali kifin wannan ranar ne ya lalace. Wasu kuma kan ce suna samun sauƙi in sun rage kayan gwangwani da lemon kwalba mai launi. Hujjar binciken wannan ba ta da ƙarfi, amma in kina son gwadawa ki sa masa wa'adi: mako 3. An ga bambanci ƙarara, to. Ba a gani ba, a bar zancen. Waɗanda kika riga kika bari kuwa, ki dawo da su ɗaya bayan ɗaya, ki ba kowanne 'yan kwanaki. Sai fa abincin da ya taɓa kumbura miki leɓe ko maƙogwaro, shi ba a gwada shi a gida.

Hanya ta biyu, kauce wa abin da ke tayar da shi, ta fi ta abinci amfani ga mai irin naki, ga shi ba ta cin ko kwabo. Na farko a jerin shi ne maganin ciwon jiki: asfirin, ibuprofen da diclofenac. Kusan kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na masu daɗaɗɗen borin jini, waɗannan magunguna na ƙara musu shi. Mutane na shansu kamar alewa, don ciwon mara ko gajiya ko ciwon haƙori, kuma suna cikin haɗe-haɗen da ake ƙulla wa mutum a leda ba suna. Yawancin masu borin jini paracetamol ba ya tayar musu. Kodin da danginsa su ma suna sa a zubar da histamin. Mai hawan jini da ke shan lisinopril ko captopril ko enalapril, in leɓe ko harshe ya fara kumbura masa ko da babu tudu a fata, ya gaya wa likita nan take, domin illar waɗannan magunguna ce, kuma ta fi yawa a baƙar fata.

Sai zafi da matsi. Ki lura ko ya fi tasowa a inda kika ɗaure zani tamau, ko ƙarƙashin robar siket, ko kafaɗar da kike rataya jaka, ko wurin da majanyin goyo ya bi. Na matsi yakan jinkirta awoyi kafin ya fito, shi ya sa ba a cika gane shi ba. Wani kuwa da ya sosa sai sawun farcensa ya taso layi-layi. Wani gumi ne: tsayuwa gaban murhu, wanka da ruwa mai zafi, tafiya cikin ranar bazara, sai ƙananan ƙuraje kamar ƙwayar gero su feso masa. Wani sanyi ne, ruwan alwalar asuba a hunturu ya ishe shi, kuma irin wannan kada ya kuskura ya faɗa kogi ko tafki mai sanyi, don yana iya suma a ciki. Damuwa da rashin barci ma suna ƙara masa ƙarfi.

Iyakar wannan hanyar ita ce tana ragewa ne kawai. Wa zai kauce wa zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri? Kuma tunda wutar daga ciki take tashi, ko kin kauce wa komai za ki iya farkawa tsakar dare ki same shi ya cika miki cinya.

Magani shi ne ginshiƙi, amma ba yadda kike shansa ba. Piriton tsohon magani ne, aikinsa awa 4 zuwa 6, yana sa barci da kasala har washegari, ga direba ko mai adaidaita sahu ma hatsari ne. Sababbin magungunan da ke tare histamin sun fi shi daɗewa a jiki, ƙwaya ɗaya ta isa yini da kwana: cetirizine miligiram 10, loratadine miligiram 10, ko fexofenadine miligiram 180 ga babba. Biyun farko suna ko'ina kuma ba su da tsada. Cetirizine kan ɗan sa wasu gyangyaɗi, sai a sha da dare. Fexofenadine da ruwa ake sha, ruwan lemo na rage shigarsa jiki.

Abin da ya fi sunan maganin muhimmanci shi ne a sha kullum, ya taso ko bai taso ba. Maganin yana tare wa histamin hanya ne kafin ya yi ɓarna. In kika jira sai jiki ya kumbura, ruwan ya riga ya shiga fata, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya. Mutane da yawa da ke cewa maganin bature ya gaza musu, ba su taɓa shansa a jere na mako 2 ba. In an yi mako 2 zuwa 4 bai kwanta ba, ƙa'idar da likitocin fata ke bi a duniya ta yarda likita ya ƙara adadin har ninki huɗu na wannan maganin dai, maimakon a haɗa iri-iri. Wannan ƙarin aikin likita ne, musamman ga mai ciwon ƙoda ko hanta. Wanda hakan ma bai yi masa ba, akwai allurar omalizumab, miligiram 300 duk mako 4, wadda aka amince da ita don wannan cuta a Amurka da Turai tun 2014. Tana aiki sosai, sai dai tsadarta ta fi ƙarfin yawancinmu. Akwai kuma ciclosporin, wanda sai an riƙa auna hawan jini da lafiyar ƙoda. Waɗannan matakan a wurin likitan fata ake samunsu, a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya.

Allurar kemis ɗin nan ita ce ta fi tayar mini da hankali a cikin bayaninki. Galibi hydrocortisone ce ko dexamethasone. Tana kwantar da shi nan da nan, shi ya sa ake sonta, amma da ta fita jiki sai ya dawo, wani lokaci fiye da da. Yawan maimaita ta, ko shan prednisolone wata da watanni, yana kawo kumburin fuska, hawan jini, ciwon suga, raunin ƙashi da raguwar garkuwar jiki. Dexamethasone ɗin nan na cikin abin da ake kira sha-ka-fashe. Likita kan ba da irin wannan magani na 'yan kwanaki ne kawai in abu ya yi tsanani, ba ya wuce kwana 10. In kin daɗe kina shan ƙwayarsa kullum, kada ki yanke lokaci ɗaya, sai likita ya rage miki a hankali.

In aka jera su ukun a kan naki: barin abinci kin gwada, ya ci miki jiki bai biya ki ba, ki ajiye shi. Kauce wa abin da ke tayarwa ki riƙe, musamman maganin ciwon jiki da ɗaurin zani da ruwan zafi, amma ki san taimako ne yake yi. Ƙwaya ɗaya kullum ita ce za ta ba ki barci da dare. Ga wanda nasa ya taso minti goma bayan cin gyaɗa kuwa, lissafin a juye yake: barin gyaɗar ne gaba, ƙwayar tana baya. Maganin ba ya cire cutar daga tushe, yana danne ta ne har ta gama wa'adinta, kuma ga yawancin mutane takan lafa da kanta cikin shekara 1 zuwa 5.

Akwai lokacin da duk wannan lissafin ba ya aiki. Idan harshe ko maƙogwaro ya kumbura, murya ta shaƙe, numfashi ya yi wuya, ko jiri ya kama mutum har yana neman faɗuwa, ba a tsaya neman Piriton. A garzaya asibiti, allurar adirenalin ce ke ceton rai a nan.

In za ki ga likita, ki je da hotunan, da kwalin duk maganin da kike sha har da na gargajiya da na tsarin iyali, da 'yar takarda da kika rubuta ranakun da ya taso da abin da kika yi kafin nan. Ba a bukatar tulin gwaje-gwaje. Akan duba jini, in da alama a duba tsutsar ciki ko maƙoƙo. Ki gaya masa in kina da ciki ko kina shayarwa, loratadine da cetirizine ne aka fi zaɓa a wannan hali. Da azumi kuma ƙwaya ɗaya a rana ba ta da matsala, ki tsayar da lokaci guda, ko buɗa-baki ko sahur.