Zuwa gidan Hearst: ta arewa daga San Francisco ko ta kudu daga Los Angeles?

Malam, tambayarka ita ce kuna da kwana uku a jihar Kalifoniya ta Amurka, kai da maiɗakinka da yara biyu da Hajiya mahaifiyarka, ko dai a watan Oktoba ko a hutun Disamba. Kuna so ku yi hayar mota ku bi gaɓar teku ku je gidan Hearst, katafaren gidan wani attajirin jaridu da aka buɗe wa masu ziyara, da ke kan tudu a San Simeon, amma ba ka yanke shawarar inda za ku sauka ba, San Francisco ko Los Angeles. Idan Oktoba ce kuma hanyar Big Sur, titin da ke ratsa duwatsun gaɓar teku arewa da San Simeon, a buɗe take, ku taho ta arewa. Idan Disamba ce, ku taho ta kudu. Ga dalilan.

San Simeon kusan a tsakiyar biranen biyu yake. Daga kowannensu tafiyar ta kusa kilomita 400, wato ta ɗan gaza Kano zuwa Abuja, kuma idan aka bi babbar hanya mai lamba 101 awa huɗu ne zuwa huɗu da rabi daga kowane ɓangare. Saboda haka nisa ba zai raba maka gardama ba. Abin da ya bambanta su shi ne irin hanyar da abin da take buƙata daga direba da fasinja.

Ta arewa, daga San Francisco za ku fara zuwa Monterey, awa biyu ta cikin ƙasa, ko kusan uku idan kun bi hanya mai lamba 1 ta Half Moon Bay da Santa Cruz. Daga Carmel, garin da ke maƙwabtaka da Monterey, ainihin tafiyar take farawa: kimanin kilomita 150 na Big Sur, inda aka sassaƙa titi a jikin duwatsun Santa Lucia, teku na ƙasa can. Titin hannu biyu ne kawai, mai zuwa da mai dawowa, kwana a kan kwana, kuma a wurare da yawa ba a wuce gudun kilomita 40 zuwa 50 a awa. Ba tsayawa, awa biyu da rabi ne zuwa uku. Sai dai babu mai bin hanyar nan bai tsaya ba. Akwai gadar Bixby da aka gama a 1932, akwai ruwan McWay da ke zubowa daga kan dutse zuwa bakin teku, ga wuraren fakin na kallo birjik. Ka ware awa biyar zuwa shida.

Wani abu da mutane ba sa lura da shi sai sun hau titin: a Amurka ta dama ake tuƙi, don haka mai gangarowa daga arewa zuwa kudu shi ne a gefen teku. Yawancin wuraren tsayawa na hannun damansa, zai ratse ya tsaya ya koma kan titi ba tare da ya tsallaka gaban motocin da ke tahowa ba. Mai haurowa daga kudu kuwa yana jikin dutse, duk inda zai tsaya kallo sai ya yanko titi a kusa da kwanar da ba ya ganin abin da ke bayanta. Wannan ne ya sa muke cewa in za a bi Big Sur, a bi shi daga arewa.

Ta kudu labarin daban ne. Daga Los Angeles hanya mai lamba 101 faffaɗa ce, tana bin bakin teku tsakanin Ventura da Santa Barbara har zuwa Gaviota, ta shiga cikin ƙasa, ta sake leƙo teku a Pismo Beach, sannan ta kai San Luis Obispo. A nan ake barinta a hau lamba 1, a wuce Morro Bay mai katon dutsen nan da ke tsaye a bakin ruwa, a wuce Cayucos da Cambria, kimanin kilomita 65 zuwa 70 a isa San Simeon. Babu hawa mai tayar da hankali, gidajen mai da wuraren cin abinci da banɗaki suna ko'ina. Matsalarta guda ce, cunkoson fita daga Los Angeles. Wanda ya tashi ƙarfe bakwai ko takwas na safe a ranar aiki zai iya ƙara awa guda a kan tafiyarsa. A tashi bayan sallar asuba kafin ƙarfe shida, ko a jira goma ta wuce. Kyan gani akwai shi, amma gaskiya bai kama ƙafar na Big Sur ba.

Yanzu ga abin da ke rusa shirin mutane a hanyar arewa, kuma shi ya sa muka raba maka Oktoba da Disamba. Damina a wannan yanki daga Nuwamba take zuwa Maris, kuma duwatsun Big Sur ba su da ƙarfin riƙe ruwa, musamman inda gobarar daji ta cinye itatuwa. A Fabrairun 2017 gadar Pfeiffer Canyon ta lalace har sai da aka rushe ta aka gina sabuwa, wadda aka buɗe a Oktoban shekarar. A Mayun 2017 ƙasa ta zaftare a Mud Creek ta binne titin, ba a buɗe ba sai Yulin 2018. A Janairun 2021 ruwa ya yanke shi a Rat Creek. Daga Janairun 2023 kuma zaftarewa ta biyo zaftarewa, aka haura shekara biyu ba a iya ratsawa daga Carmel zuwa San Simeon kai tsaye. Idan aka rufe, babu wata hanyar kirki ta kaucewa a tsakiya. Akwai wata siririya mai suna Nacimiento-Fergusson da ke haura dutse, amma ba ta iyali ba ce, kada ka saka ta a lissafi. Mafita ita ce a koma Monterey, a bi lamba 68 zuwa Salinas, a gangara 101 zuwa Paso Robles, a bi lamba 46 zuwa teku a ɓullo kudu da Cambria. Wannan kusan awa uku ne daga Monterey, ban da lokacin da aka ɓata a shiga da fita. Hukumar hanyoyin jihar, Caltrans, tana da taswirar QuickMap da ke nuna inda aka rufe. A duba kafin a sayi tikitin jirgi, a sake dubawa daren da za a tashi.

Ko hanyar a buɗe take, Disamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe biyar, kuma babu fitilun titi a Big Sur. Tuƙin waɗannan kwanoni cikin duhu da ruwan sama da yara a baya ba abin da za mu ba ka shawara ba ne. Satumba da Oktoba kuwa su ne watannin da sararin gaɓar ya fi washewa. Masu zuwa Yuni zuwa Agusta sukan tarar da hazon teku ya lulluɓe komai da safe, sai rana ta ɗaga yake yayewa.

Idan kun zaɓi arewa, a cika tanki a Monterey ko Carmel. Ana samun mai a ƙauyen Big Sur da Gorda da Ragged Point, amma da tsada sosai. Sabis na waya yana ɗaukewa na dogon zango, don haka a sauke taswira a waya tun a otal. Wanda mota ke sa shi jiri, musamman yara, a ba shi magani rabin awa zuwa awa ɗaya kafin a shiga kwanonin, a zaunar da Hajiya a gaba, a hana kallon waya. Idan motoci suka yi layi a bayanka, ka ratse a wurin da aka tanada su wuce. Dokar jihar ta wajabta hakan idan sun kai biyar. Kada a bar jaka a fili cikin mota a wuraren tsayawa, a San Francisco ma balle. Sallah ba za ta ba ku wahala ba tunda matafiya ne, ga ƙasaru ga haɗawa, sai dai a riƙe ruwan alwala da darduma a mota. Abinci kuma kifi ya wadata a Monterey da Morro Bay.

Kan kuɗi, ta kudu ta fi sauƙi idan za ku je ku dawo Los Angeles, domin inda kuka ɗauki mota nan za ku mayar. Ta arewa tana da tsari mai kyau ga kwana uku: daren farko a Monterey, rana ta biyu Big Sur a kwana a Cambria ko San Simeon, rana ta uku gidan Hearst da safe sannan a zarce Los Angeles a hau jirgi. Amma kamfanonin hayar mota kan caji ƙarin kuɗi idan an ajiye mota a wani gari daban, kuma tikitin jirginku sai ya zama sauka a wani birni, tashi daga wani. Ka nemi farashin duka biyun kafin ka biya. Otal a cikin Big Sur kansa kaɗan ne kuma da tsada. San Simeon ya fi araha, Cambria ta fi wuraren cin abinci.

Ta kowace hanya kuka zo, kada ka sayi tikitin shiga gidan na ranar da za ku yi doguwar tafiya. Tikitin na da ƙayyadadden lokaci. Ba a hawa tudun da motar kai: ana ajiye ta a cibiyar baƙi da ke ƙasa, a hau bas na kimanin minti 15, tafiyar kilomita 8, zuwa tsayin kusan mita 490. Wanda gyaran titi ko cunkoso ya riƙe shi bas ɗinsa zai tafi ya bar shi, kuma a ranar da mutane suka cika ba lalle a samu wani gurbin ba. Ku kwana kusa, ku ɗauki zagayen safe, ku iso cibiyar da aƙalla minti 20 a hannu. Ana sayen tikiti ta shafin ReserveCalifornia tun kwana 60 kafin ranar. A rufe gidan yake ranar Kirsimeti da ranar sabuwar shekara da ranar bikin godiya na Nuwamba, kuma makon ƙarshe na Disamba tikiti na ƙarewa da wuri.

Gidan ya cancanci wahalar. George Hearst ne ya fara sayen filin a 1865, ɗansa William Randolph Hearst, attajirin jaridu, ya ɗauko mai zanen gini Julia Morgan a 1919, suka yi ta gini har 1947 ba su ƙarasa ba. William ya rasu a 1951, aka miƙa wa jihar Kalifoniya gidan, aka buɗe wa jama'a a 1958. Ɗakuna 165 ne a babban gida da gidajen baƙi uku. Rufin ɗakuna da dama an ciro su ne daga tsofaffin gine-ginen Sifaniya da Italiya aka jero su a nan, hasumiyoyin biyu kuma an kwaikwayi ta wata majami'a ce a garin Ronda na Andalus. A farfajiya akwai gumakan dutse na tsohuwar Masar da suka haura shekara 3,000. Ka sani kuma akwai mutum-mutumin marmara marasa sutura a lambun da bakin wurin ninƙayar Neptune, don ka shirya abin da za ka ce wa yara.

Zagayen rana iri uku ne manya, kuma a nan ma akwai zaɓi saboda Hajiya. Na manyan ɗakuna, Grand Rooms, shi ne na wanda bai taɓa zuwa ba: babban zaure, ɗakin cin abinci mai dogon teburi da tutocin garin Siena na Italiya a sama, ɗakin biliyad, da ɗakin kallon fim. Ya ɗan haura awa ɗaya, matakala sun haura 100 amma a rarrabe suke. Na benaye, Upstairs Suites, ya fi daɗi ga mai son littattafai da tarihi, domin a can ɗakin karatu yake da dubban littattafai da tulunan Girka, da ɗakin kwanan maigidan. Sai dai matakalarsa sun haura 300, wasu masu murɗewa ne kuma matsattsu. Ba na mai ciwon gwiwa ba ne. Na uku yana kaiwa gidajen baƙi da kicin da rumbun giya, wannan na mai dawowa karo na biyu ne. Ga iyalinka, Grand Rooms. Idan Hajiya ba ta jure matakala ko tana amfani da keken guragu, akwai zagaye na musamman da aka tsara ba hawa, amma gurabensa kaɗan ne, sai an nema tun da wuri. Duk zagayen rana suna bi ta wurin ninƙayar Neptune da ke waje da na Roma da ke ciki, mai shuɗin tayil da ruwan zinare. Ba a shiga da abinci ko cingam, ruwan gora kaɗai, kuma ba a kunna filashin kyamara. A tafi da rigar sanyi da hula duka, domin yanayin kan tudun yakan saɓa da na bakin teku.

Idan Disamba ta kama kuka taho ta kudu, ba ku yi asarar komai da komai ba. Kilomita bakwai zuwa takwas arewa da cibiyar baƙi akwai bakin tekun Piedras Blancas, inda manyan dabbobin ruwan nan da ake kira elephant seal suke kwanciya a kan yashi. Namijinsu kan haura tan biyu. Daga Disamba zuwa Maris ne lokacin faɗan mazajensu da haihuwar matansu, kallo kyauta ne daga kan dandamalin katako, kuma duk wata ana samun wasu a wurin. Ƙara gaba kaɗan, kamar rabin awa daga San Simeon, akwai Ragged Point, bakin Big Sur ta kudu, inda za ku ga dutse ya miƙe daga cikin teku ku juyo kafin kwanonin su tsananta. A hanyar dawowa yara su sa ido a makiyayar da ke gefen titi kusa da San Simeon, domin jakunan dawan da suka samo asali daga gidan namun dajin Hearst suna kiwo tare da shanu a wurin har yau. In za a tsaya kallonsu, a fitar da mota gaba ɗaya daga kan kwalta, kuma kada kowa ya tsallaka shinge, filin na masu shi ne.