Laftof ko na'urar hannu wajen duba lambar matsalar mota? Ga abin da na gani

Wa alaikumus salam, Malam. Ka tambayi wanne ya fi dacewa ka saya don karanta lambar matsala, wato lambar da ƙwaƙwalwar mota ke ajiyewa in ta gano wani ciwo. Tsakanin laftof da 'yar na'urar hannu, ka sayi ta hannu. Duka biyun na kashe kuɗina a kansu, ɗaya tana cikin akwatin gaban motata shekara huɗu ke nan, laftof ɗin kuwa wayar jona ta da mota na cikin durowa ta yi ƙura.

Bari in ba ka labarin ranar da ta hannun ta biya kuɗinta. Corolla ce gare ni, ƙirar 2007, 'yar Amurka. Mun taso daga Kano za mu Zariya ɗaurin aure, da iyali a baya, mun ɗan wuce Kwanar Dangora sai mota ta fara rawa kamar mai zazzaɓi, wutar injin nan mai ruwan ɗorawa ta kama ƙyaftawa. Ka riƙe wannan da kyau: in wutar ta tsaya cak, kana iya lallaɓawa zuwa gareji, amma in tana ƙyaftawa, ma'anarta akwai silindar da ba ta ƙone mai, ɗanyen fetur na gangarawa cikin salansa, kuma zai iya cinye abin tace hayaƙin nan na cikin salansa da makanikai ke kira indomi. Shi ya sa na sauka gefen titi nan take. Wani makanike ya zo, ya saurari injin, ya ce famfon mai ne, sai an buɗe tanki. Ban yi masa musu ba. Na ciro na'urar, na jona ta a soket ɗin da ke ƙasan sitiyari, na murɗa makulli ba tare da na tayar ba. Kafin yara su gama sauka daga mota ta nuna P0302, wato silinda ta 2 ce ke fashin ƙone mai. Sai na roƙe shi ya ara min sifana mai lamba 10, muka kwance koyil na 2 da na 3, wato masu ba fulogi wuta, muka musanya musu wuri, na goge lambar, muka tayar. Ta dawo, amma yanzu P0303. Ciwon ya bi koyil ɗin zuwa sabon gidansa. Yaronsa ya hau babur ya samo wani, muka ɗaura, injin ya kwanta luf, muka samu ɗaurin auren. Makaniken nan, Allah ya saka masa da alheri, bai ji haushi ba, sai ma ya karɓi na'urar yana jujjuya ta yana tambayar inda ake samu.

Abin da ya sa take da daɗin sha'ani shi ne ba ta neman komai a wurinka. Ba caji, domin daga soket ɗin take shan wutar batirin mota. Ba data, ba sai ka saka mata wata manhaja ba. Soket ɗin kuwa iri ɗaya ne, mai baki 16, tunda dokar Amurka ta wajabta tsarin duba matsalar mota da ake kira OBD2 a kan motocin da ake sayarwa can daga ƙirar 1996, Turai kuma ta bi sahu a 2001 ga masu fetur, masu dizal a 2004. Ka ga yawancin tokumbo da 'yan Kwatano da muke hawa sun shiga ciki. Kamfanoni irin su Autel da Launch da Foxwell da Ancel duk suna yin ƙananan. Ka dai tabbatar wadda za ka ɗauka tana jin CAN, yaren da duk motocin Amurka suka koma kansa daga 2008, kuma tana nuna yadda injin ke aiki yana kunne: zafin ruwa, gudun injin, da yawan man da ƙwaƙwalwar mota ke ƙarawa ko ragewa. Wadda lamba kawai take nunawa ta yi maka rabin aiki.

Laftof fa? Gaskiya ɗaya ce, ta fi zurfi. Da manhajar da aka yi don motarka, kamar Techstream ta Toyota, ko VCDS ta su Golf da Passat, ko Diagbox ta Peugeot, za ka shiga ABS, wato tsarin hana burki kulle ƙafafu, da jakar iska da giya, har a ɗaura sabon makulli. Amma wannan kayan aikin mai gyaran wayar mota ne da ke cin abinci da shi. Ni wayar jona laftof da mota da na saya jabu ce, na kwana biyu ina fama kafin kwamfuta ta gane ta, ranar da na buƙace ta kuma batirin laftof ya mutu ina tsugunne a rana. Ga haɗarin ka danna abin da ba ka fahimta ba ka rikita ƙwaƙwalwar mota. Ban ƙara ɗaukarta ba.

Akwai na uku da ba ka ambata ba, ɗan ƙaramin nan ELM327 da ake haɗawa da waya ta Bluetooth a karanta da manhajar Torque ko Car Scanner. In ka dace da mai kyau yana aiki. Matsalar ita ce kasuwa cike take da kwaikwayo, wasu su yi magana da wannan motar su ƙi waccan, masu tsohon Bluetooth kuma ba sa haɗuwa da iPhone. In ka saya, kada ka bar shi a jone motar ta yi kwanaki a ajiye, soket ɗin da wuta a jikinsa ko an zare makulli, a hankali zai tsotse batir.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, ko da ba ka tambaya ba. Masu sayar da na'urorin nan, wasunsu ba sa tsoron Allah. Za a ce maka tana duba komai na mota, alhali injin kaɗai take gani. Harafin farko na lambar shi ke faɗa maka ɓangaren: P injin da giya, C su burki da ƙafafu, B jikin mota har da jakar iska, U sadarwa tsakanin ƙwaƙwalen motar. Ƙananan masu araha yawanci a P suke tsayawa, kuma wannan ba laifi ba ne in an gaya maka gaskiya tun farko. Kada ka biya sai ka kai motarka ƙofar shagon an jona a gabanka. In ya ce tana karanta ABS, ya buɗe maka ABS ɗin ka gani da idonka. Wannan gwajin zai kuma raba maka gardama in motarka irin wadda aka ƙera don kasuwar Japan ce ko ta ƙasashen Larabawa, domin wasunsu suna da soket ɗin amma ba sa amsa wa kowace na'ura.

Sai dillalan mota. Wasu kan goge lambobin da safe kafin mai saye ya zo, wutar ta mutu, mota ta yi kamar lafiya lau, sai ka kai gida da kwana biyu ta dawo. A nan ma ta hannu za ta tsare maka dukiya. Shiga wurin da aka rubuta I/M, inda motar ke nuna gwaje-gwajen da take yi wa kanta. Da zarar an goge lamba ko an cire kan batir, gwaje-gwajen nan suna komawa farko, sai an yi tafiya mai ɗan nisa suke cika. In ka ga da yawansu ba su kammala ba, ka tambayi dalili, ka kuma nemi a zaga da motar sosai kafin a yi ciniki. Sannan ka murɗa makulli ka duba ko wutar injin ta kama tare da sauran fitilun kafin a tayar. In ba ta kama ba, wataƙila an cire ƙwan ko an liƙe shi.

Abu ɗaya da na'urar ba za ta yi maka ba shi ne ta ce ga abin da za ka saya. Lamba unguwar ciwon take nunawa, ba gidan ba. P0171 na nufin iska ta yi wa mai yawa, kuma sau da yawa tiyo ne ya tsage ko sensar iska ta yi datti, abin da ƙurar hunturunmu ke jawowa, amma za ka ga an sa mutum ya sayi sensar salansa sabuwa fil a banza. P0420 kuma indomi take tuhuma, a motocinmu kuwa sau tari ma an riga an fasa an kwashe shi tun kafin ta zo hannunka. Ko koyil ɗin nan nawa, ai sai da muka musanya muka tabbatar, domin fulogi ko nozil mai fesa mai ma kan ba da lamba iri ɗaya.

In ta iso hannunka, kada ka yi saurin danna gogewa, domin tare da lambar ake share bayanin halin da injin ke ciki lokacin da matsalar ta faru, kuma makanike nagari yana buƙatarsa. Ka fara ɗaukar hoton allon da wayarka, ka turo min shi tare da sunan motar da shekararta, in sha Allahu sai mu duba tare.