Robar yaye maraƙi da na saya a Zariya: ta yi aiki amma da sauran magana

Robar nan da ake maƙala wa maraƙi a hanci don ya bar shan nono na daɗe ina ganinta a bidiyon gonakin Turawa, sai bana na ci karo da ita a wani shagon magungunan dabbobi a Zariya na ɗauki guda 10. Ba huda hanci ake yi ba, wasu 'yan kawuna biyu gareta da ke riƙe tsakiyar hancin, faifan ya sauko ta gaban baki, in ya ɗaga kai zai kama nono ta tare shi, in ya sunkuya kiwo ko shan ruwa kuma ba ruwanta da shi.

Da na nuna wa dattijon da ke min kiwo dariya ya yi, wai Alhaji ai wannan takunkuminmu ne na ƙaya aka yi wa kwalliya. Na ce Baffa a dai gwada.

Maruƙa 6 muka sa wa, duk Bunaji, wato fararen shanun Fulani, 'yan wata bakwai zuwa takwas, huɗu mata ne kuma su nake so in ajiye su zama karsana su gaji iyayensu da suka fara tsufa. Gaskiya ta wajen kuka ta burge ni. Da in muka raba su kai tsaye kwana uku ba mai barci, uwa na kuka ɗa na kuka, har igiya suke tsinkewa, maraƙin ya ƙi cin komai ya zube. Wannan karon suna nan gindin uwarsu, ranar farko sun ɗan yi ta buga kai, daga nan suka haƙura suka koma kan harawa.

To ga inda ta ba ni haushi. Robobi biyu sun faɗi a daji ba mu gan su ba, ɗaya ta tsage. Akwai wata maraƙa mai wayon tsiya da ta koyi karkata kai ta sha ta gefe, sai da Baffa ya ga kumfar nono a bakinta muka gane. Sannan mai shagon ce min ya yi a bar ta wata guda, wallahi kar wanda ya bi wannan maganar, wadda ta kwana 12 da ita saboda na yi tafiya hancin ya yi gyambo ƙudaje na bi, sai da muka yi ta fesa maganin nan mai shuɗi. Likitan dabbobi ya ce kwana 4 zuwa 7 ne a cire a raba musu garke.

Matar Baffa ma ta yi ƙorafi, don Bunaji ba ta sakin nono sai ɗanta ya fara tsotsa, kenan tallan nono ya ja baya.

Kuma robar ba abinci ba ce fa. Tun kafin yaye da sati uku muka saba musu da dusa da ɗan kek ɗin angurya da gishirin lasa, aka ba su maganin tsutsar ciki, aka yi musu allurar rigakafin ciwon huhu irin ta cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom. Da kaka muka yi, harawa na araha, ni ba zan yi gangancin yaye a Maris ko Afrilu ba lokacin da daji ya ƙone. Karsanar da ta tsumbure a nan ita ce za ka yi ta jira shekara huɗu biyar ba ta haihu ba. Nawa ba za su ga bijimi ba sai sun kai wajen kashi biyu cikin uku na nauyin iyayensu, kuma ba ubansu ba, aron wani bijimin zan yi.

Zan ƙara saya, amma mai kauri zan nema, in akwai mai ƙusar ɗaurewa ma ya fi.