Garejin da ya tayar da Variant ta 1973 a Farin Gada: inda ya cancanci yabo da inda ya gaza

Duk wanda yake da tsohuwar Volkswagen mai injin baya da ta daɗe a ajiye a Jos, zan iya ba shi shawarar ya kai ta wani gareji da ke Farin Gada, amma da sharaɗin ya miƙa musu injin da ƙasan mota hankali kwance, sannan ya sa ido sosai a kan aikin wuta da fenti da kuma lissafin kuɗi. Na kai musu Variant 1600 ƙirar 1973 da baffanmu ya bari, wadda ta yi fiye da shekara talatin a ƙarƙashin bishiyar mangwaro a Gangare, tayoyinta sun nutse cikin ƙasa, ɓeraye sun mayar da kujerunta gida. Yanzu tana tashi da kanta, tana kuma hawa tudu ba tare da ta yi zafi ba.

Ya kamata a fara sanin irin motar, domin a nan ne masu gyara da yawa suke ɓata. Kamfanin Volkswagen ya fito da wannan jinsi da ake kira Type 3 a 1961, mai dogon baya wadda ake kira Variant ta biyo baya a 1962, aka daina ƙera su a 1973 lokacin da Passat ta karɓi gurbinsu. Tamu ta shekarar ƙarshe ce, kuma daga Jamus aka shigo da ita, tun da masana'antar Volkswagen da ke Ojo a Legas ba ta fara harhaɗa motoci ba sai 1975. Sitiyarinta na hagu ne, saboda an saye ta bayan Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a watan Afrilun 1972, abin da ya raba ni da wahalar sauya sitiyari. Injinta ba shi da lagireto, ba ya shan ruwa ko kaɗan, iska da baƙin mai ne suke sanyaya shi. Bambancinsa da na Bitil shi ne an kwantar da shi, an ɗaura fankar a ƙarshen karanshaf maimakon a tsayar da ita a sama, har ya zama tsayinsa bai kai rabin mita ba. Shi ya sa aka samu wurin loda kaya a samansa, ga kuma wani but a gaba.

Mai garejin dattijo ne da ya koyi sana'a a zamanin da motocin Volkswagen ƙirar Bitil da Igala suka cika titunan Jos, kowa a wurin Baba yake ce masa, ni ma haka. Abin da ya fara sayen zuciyata shi ne ya ƙi yarda a gwada tayar da injin. Yaransa sun kawo batir suna ɗoki, ya hana su, ya sa aka cire fulogogi aka zuba mai a cikin silinda aka bar shi ya jiƙa, sannan ya kama fulin da hannu ya ja gaba ya tura baya don ya ji yawan wasan karanshaf. Wasan da aka yarda da shi a wannan injin bai kai kaurin takarda biyu ba, tsakanin milimita 0.07 da 0.13, namu kuwa har ana jin bugunsa. A nan take ya ce mini, “Alhaji, wannan sai an buɗe shi gaba ɗaya, duk wanda ya ce maka sabis kawai yake so, kuɗinka yake nema.” Da aka buɗe, sai ga silinda biyu sun ci tsatsa, ringi ya manne a jikin fistan, zanzaro kuma ya cike tsakanin fikafikan silinda da ginin laka.

A kan aikin injin ba ni da ƙorafi ko ɗaya. An yi sa'a cewa cikin injin Variant kusan ɗaya ne da na Bitil 1600, mai girman sisi 1584 da fistan milimita 85.5, kuma da yake an ci gaba da ƙera Bitil a Barazil har 1996, a Meziko kuma har 2003, fistan da silinda da boris da kuloci ba su gagari nema ba. Wasu an samo a Dilimi a nan Jos, wasu sai da aka aika Fanteka a Kaduna da Ladipo a Legas. Wahalar tana ga kayan da na Variant ne kaɗai: gwangwanayen da suke lulluɓe injin, gidan fanka, salansa, da wata robar da take haɗa jikin mota da bakin fanka. Waɗannan gwangwanaye su ne bakanike mai gaggawa yake jefarwa yana cewa ba su da amfani, alhali su ne suke tilasta wa iska bin kan silinda. Baba ya tattara su ɗaya bayan ɗaya, ya miƙe waɗanda suka lanƙwashe, guda biyu da suka ɓata kuma ya sa mai walda ya yanka sababbi daga falle bisa zanen da ya yi a kwali. Ita kuwa robar, ya ƙi liƙa ta da guntun tsohuwar tayar ciki kamar yadda wani ya ba da shawara, ya ce sai an yi odar sabuwa daga waje, domin idan ta yage fankar za ta riƙa zuƙar iska mai zafi daga kusa da salansa, injin yana dafa kansa direba bai sani ba, tun da motar ba ta zo da agogon zafi ba. Na jira ta tsawon lokaci, kuma ban yi da-na-sanin jiran ba.

Wani abin da ya nuna mini cewa mutumin ya san ƙasarsa kamar yadda ya san injinsa shi ne yadda ya saita kafireta. Motar tana da kafireta biyu ƙirar Solex, ɗaya a kowane gefe, kuma daidaita su su ja tare aiki ne na kunne da haƙuri. Jos tana kan tsauni mai tsayin kusan mita 1,200, iskarta ba ta da kauri, saboda haka injin yana rasa wani kaso na ƙarfinsa, kuma fetur yakan yi wa iska yawa. Mai saiti da bai yi tunani ba zai matse man har injin ya yi daɗi a Terminus, amma ranar da aka gangara Akwanga ko Abuja, inda iska ta fi kauri kuma zafi ya fi tsanani, man zai yi kaɗan, kan silinda ya ɗauki zafi, bawul ya ƙone. Baba ya tambaye ni inda zan riƙa zuwa kafin ya taɓa komai, ya bar man da ɗan yalwa, ya ce gara fulogi ya yi ɗan duhu a Jos da bawul ya tsinke a Keffi. Ya saita bawul a kan milimita 0.15 injin yana sanyi, ya kuma koya mini yadda zan duba shi da kaina.

Aikin jiki ya zo da kyau a inda ba a gani, ya yi rauni a inda ake gani. An kwance kusoshi aka ɗaga jikin daga kan shasi, wanda shi ne daidai a irin wannan mota, sai ɓarnar ta bayyana: ƙarƙashin kujerar baya inda batir yake zama ya rube har ana hango ƙasa, bakin ƙofofi ya zama gari, akwatin iska da ke gaban gilashi kuma ganyen mangwaro ya toshe shi ruwa ya kwanta shekara da shekaru. Mai waldar ya yanke duk ruɓaɓɓen ƙarfe ya zuba sabo, bai cusa raga ya shafe da fila ba, kuma ya bar ni na duba da maganaɗisu kafin a rufe. An sake bututan birki duka, na ƙarfe da na roba, an gyara birkin faifai na gaba, an wanke tankin mai da ke cikin but, an sa sabuwar tiyo daga tanki har kafireta. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, domin tsohuwar tiyo da ta tsage a saman injin mai zafi takan jawo gobara a irin waɗannan motoci.

Fenti ne ya ba ni haushi. Garejin ba shi da rufaffen ɗakin feshi, a rumfa ake yi, kuma aikin ya faɗo tsakiyar hunturu. Na roƙa a dakata har ƙura ta lafa, mai fenti ya ce zai yayyafa ruwa a ƙasa ya yi da asuba, babu matsala. Launin ya fito yadda na so, ruwan ƙwai mai haske a jiki da fari a rufi, amma idan aka shafa hannu a rufin da murfin but ana jin tsakuwa-tsakuwa, kuma akwai wuri a ƙofar hagu inda fentin ya zuba hawaye. An goge an sake gogewa, ya ragu, bai tafi ba. A kuɗin da aka karɓa, wannan bai dace ba.

Aikin wuta ya fi haka muni, kuma shi ne babban dalilin da ya hana ni yaba garejin gaba ɗaya. Mai wayarin ba ɗan gida ba ne, kira shi ake yi. Ɓeraye sun cinye wayoyi da yawa, maimakon ya sake su daga tushe sai ya riƙa murɗa sabuwa a kan tsohuwa yana naɗewa da salatif, launi bai bi launi ba, har na tarar da fis biyu da ya ɗaure da zaren waya. Cikin mako na farko sigina ta ɗauke, fitilar birki tana kamawa tana saki. Da na nuna wa Baba ya yi faɗa ƙwarai, ya kira wani ya sake aikin, ya kuma ɗauki rabin kuɗin a kansa ba tare da na nema ba. Na yaba da wannan, amma motar da batirinta yake ƙarƙashin kujerar da yara suke zama bai kamata ta fita daga gareji da irin wannan aiki ba tun farko.

Game da ƙawata motar da sabunta ta, mun yi ja-in-ja, kuma a mafi yawa shi ne ya fi ni hujja. Na so a sauke ta ƙasa sosai kamar yadda masu sha'awar waɗannan motoci suke yi a Turai da Amurka, abin da ba shi da wuya tun da a kan sandunan ƙarfe masu murɗawa take zaune, ba a kan sifirin ba. Ya yarda ya sauke gaban kaɗan don ta daidaita, ya ƙi taɓa bayan, ya tuna mini cewa kwanon mai da salansa suna rataye a ƙarshen mota, ga kuma tudun rage gudu da ramukan unguwanninmu. Ya hana ni faffaɗan rim, muka bar inci 15 na asali aka yi musu fenti. Abubuwan da ya ƙara su ne waɗanda suke tsawaita ran injin: an cire kwantak daga dilko aka sa na lantarki, aka ajiye tsohon a cikin mota saboda ɓacin rana, an ƙara matatar baƙin mai a waje, domin injin da 'yar raga kawai ya zo, man da yake ɗauka kuma lita biyu da rabi ne, an sa agogon zafin mai a ƙasan dashbod ba tare da an huda fuskarsa ba. An ɗaura kariyar ɗora kaya a rufi, an sa bel na kujera gaba da baya, an shimfiɗa abin rage ƙara a kan murfin injin, wanda ya sa yanzu na baya yana jin maganar na gaba. Ya gyara hita ma, wadda take ɗebo ɗumi daga jikin salansa, bayan ya tabbatar ba ta yoyon hayaƙi, kuma duk wanda ya taɓa fita sallar asuba a Jos cikin Disamba ya san amfaninta. Mai kushin ya yi aiki mai tsafta, sai dai robar ƙofofin da aka sa ba ta asali ba ce, ruwan Agusta yana ɗiga a gefen direba.

Gwajin gaskiya mun yi shi a hanyar Riyom, muka gangara Hawan Kibo muka juyo muka haura. A hawan, Baba ya ce kada in bar ta a giya ta huɗu tana nishi, in sauko ta uku ko ta biyu in bar injin ya yi gudu, domin gudun injin shi ne gudun fanka. Ta hau a hankali, manyan motoci kaɗai muka wuce, amma allurar zafin mai ba ta kai inda za ta tayar da hankali ba, birki bai yi wari a gangara ba, sitiyari kuma bai ja gefe ba. Washegari na tarar da ɗigon mai guda a ƙasa, kuma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Saura maganar lokaci da kuɗi. An yi mini alƙawarin watanni kaɗan, aikin ya ninka haka, kuma ba duka jinkirin ne laifin kayan da aka jira ba, domin sau da yawa nakan tarar an ture tawa gefe ana fama da motocin haya masu biya nan take. Kuɗi kuma guntu-guntu ake nema, babu rasit, babu rubutaccen lissafi, har sai da na sayi littafi na ajiye a garejin muna rubutawa muna sa hannu. Ban kama su da cuta ko ta sisi ba, duk tsohon kayan da aka cire an zuba mini a buhu an ba ni, amma wanda ba ya zaune a Jos zai sha wahalar bin sawun aikinsa. Mai niyyar kai tasa ya rubuta yarjejeniya tun ranar da janwe ya sauke ta, ya raba biyan kuɗi bisa matakin aiki, ya zo da mai wayarinsa, ya kuma nemi a yi fenti a wurin da yake da rufaffen ɗaki. Tawa za ta koma wurin Baba bayan kilomita 500 na farko don a sake ɗaure kan silinda, a duba bawul, a juye mai, daga nan kuma sabis duk kilomita 5,000.